Wa Ke Biyan Kuɗin Koyo?

Idan hunturu ya ja da baya a Ingila, wajen watan Maris, ɗaliban aikin lambu a Kew, lambun nan na Landan da aka kafa a 1759, sukan fito da almakashi da zarto. A kwashe busasshen ganye, a rage wa itatuwa rassa.

Mukan ce kuskure malami ne. To, wa ke biyan malamin? Itace ba ya warkewa yadda fatarmu ke warkewa. Alex Shigo, masanin itatuwa ɗan Amurka, ya nuna cewa killace raunin yake yi, ya rufe shi da sabon ɓawo, tabon kuwa yana ciki har ranar faɗuwarsa. Ɗalibin da ya yanka reshe dab da jikin itacen, ya haɗa da ƙullin gindinsa, ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Sai bayan shekaru ɓarnar za ta fito, shi kuwa tuni ya karɓi takardar shaidarsa ya tafi.

Ba mu ce a ƙwace almakashin ba, don rassan da aka bari sukan gogi juna su ji ciwo. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, shi itacen babu wanda ya nemi yardarsa. Haka yaron da aka zaunar gaban almajirin wanzami, haka ajin farko na sabon malami.