Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsakanin Tanadi Da Tawakkali



Akwai wata magana da ba ta barin bakinmu, wato "sai abin da Allah ya yi." Magana ce ta gaskiya, babu musulmin da zai yi jayayya da ita. Amma in kun lura, a wuri biyu ake faɗinta. Akwai mai faɗinta bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa, yana neman haƙuri. Akwai kuma mai faɗinta tun kafin komai ya faru, don ya rufe bakin wanda ya ce masa "Malam, janaretan nan ya yi kusa da taga," ko "Alhaji, tiyon gas ɗin nan ya tsage." Kalmomin iri ɗaya ne, zukatan ne suka bambanta. Tambayar da nake so mu duba a wannan fitowar ita ce: shin wanda ya yi shiri don tsare gidansa ya rage wani abu daga dogaro ga Allah? Kuma wanda ya ƙi yin shirin, ya ce ya bar wa Allah, shin laifi gare shi ko lada?

Mu fara da abin da muka karanta tun muna Islamiyya. Da aka gaya wa Annabi Yusuf (AS) mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga fassara kawai ba. Ya ba da shawara a yi noma shekara 7, a bar hatsin a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a ajiye sauran saboda shekara 7 na fari. Duk wanda ya taso a ƙauyen Arewa ya san wannan dabara, haka ake jera damin gero a rumbu. Annabi Nuhu (AS) kuwa sassaƙa jirgi ya yi a kan tudu, mutane suna wucewa suna yi masa dariya. Manzon Allah (SAW) da zai yi hijira, an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, an ɓuya kwana 3 a kogon Sauru, akwai mai kawo abinci, akwai mai kawo labari. Wa ya kai waɗannan bayin Allah tawakkali? Kuma hadisin mutumin da ya yi tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, kowa ya san amsar da aka ba shi: an umurce shi ya haɗa biyun.

Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ma'ana, zaɓin da ka yi da hankalinka shi ma yana cikin ƙaddarar. Ba mu san abin da aka rubuta mana ba, amma mun san abin da aka umurce mu da shi, kuma a kansa za a tambaye mu.

To in haka ne, me ya sa har yanzu muke sakaci? Ni a ganina dalili uku ne, kuma kowanne yana da ɗan gaskiya a cikinsa, don haka bai kamata a yi watsi da su ba tare da an saurara ba.

Na farko shi ne rashin lokaci da rashin kuɗi. Magidanci ya fita tun bayan asuba, wannan ya nufi Bodija, wancan Shasha, wani kara, wani yana bakin titi wajen canji, mai tsire kuma sai tsakar dare zai dawo. Uwargida ga girki, ga yara, ga 'yar sana'arta ta cikin gida. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, mai neman na yau kuwa ba ka yi masa maganar gobe. Wannan gaskiya ne. Sai dai mu duba, yawancin abin da ke kashe mutane a cikin gida, tsare shi ba ya cin ko sisi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mai barci ba ya jin ta, sai dai a wayi gari a fasa ƙofa. Maganinta kawai a fitar da janareta fili, nesa da taga da ƙofa, kada a kunna shi a zaure ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Haka kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe lokacin sanyi, gubar ɗaya ce. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. A shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar da jikin tiyo, in ya yi kumfa to yana yoyo. In an ji warinsa a rufe tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. In mai ya kama wuta a kasko, a kashe murhun a rufe da murfi, ruwa ƙara ta yake yi. Wanda ya ƙone a sa wurin cikin ruwan sanyi mai gudana kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai. Nawa aka kashe a duk wannan? Sani ne kawai, da minti biyar kafin a kwanta.

Minti biyar ɗin nan ma sunna ce. Ya inganta cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umurni a riƙa kashe ta in za a yi barci. Ya kuma yi umurni a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, har ya ambaci ɓera da ke jan lagwanin fitila ya ƙona gida. Yau lagwanin ya zama kyandir da maganin sauro na kunnawa da hita da aka bari a soket an ɗauke wuta, aka manta, aka dawo da ita ƙarfe biyun dare. Ɓeran kuwa yana nan, shi ne ke kawo zazzaɓin Lassa in ya yi fitsari ko kashi a abincin da aka bari a buɗe.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, kuma namu ne mu mazauna Kurmi. Shi ne tunanin cewa mu baƙi ne, gida yana can Arewa, nan kasuwa muka zo ci. Mutum zai tura kuɗi a yi masa gini mai kyau a Kano ko Katsina ko Sakkwato, amma kwatar da ke ƙofar ɗakin da ya shekara 30 a ciki bai taɓa sa hannu ya yashe ta ba, ya ce ai gidan haya ne, aikin mai gida ne, ko aikin gwamnati. Jama'a, an kafa Sabon nan tun 1916. Sama da shekara ɗari ke nan. A nan aka haifi da yawa daga cikinmu, a nan muka aurar, a nan muka binne iyaye. Baƙuntar da ta kai jika da tattaɓa kunne ai ta zama zama. Ko ma a ce baƙin ne mu, baƙo na gari shi ne wanda yake barin masaukinsa da tsabta. Kuma sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar ba ya tambayar wa ke da takardar fili, wanda ya kwana a gidan shi yake cizo. Kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, a tsohuwar taya ko gwangwanin da ruwa ya kwanta.

Badun ba kamar garuruwanmu na asali ba ne wajen ruwa. A can damina wata huɗu ce ko biyar, a nan kuwa tun wajen Maris ko Afrilu ake farawa har Oktoba, ga gari tudu da gangare. Dattawanmu suna tuna ambaliyar Ogunpa ta watan Agusta 1980. Mu kuma mun ga ta ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, cikin goman ƙarshe na azumi, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari, ta tafi da gadar Apete, ta yi ɓarna a Odo-Ona da wasu unguwanni. Ruwan sama Allah ne ya saukar, amma sharar da ta toshe hanyarsa hannun mutane ne ya zuba. Mun san al'adar nan, da hadari ya haɗu sai a ce wa yaro maza kai bola kwata, ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ƙofar wani zai kai ta, wanda gidansa ke ƙasa da naka. Leda da robar lemo ba sa ruɓewa, suna taruwa a ƙarƙashin gada har su zama bango. Wanda ruwa ya shiga ɗakinsa ya jiƙa masa katifa da buhun shinkafa bai san sunanka ba, amma Allah ya sani. An sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To wanda ya jefa shi fa?

Nan ne maganar ta tashi daga tawakkali ta koma haƙƙi. Da a ce kai kaɗai kake zaune a daji, sai mu ce tsakaninka da Ubangijinka. Amma mu a gidajen haya muke, ɗaki jikin ɗaki, rufi ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Jarkar fetur da ka ajiye a bayan ƙyaure don gudun layi ko ƙarin kuɗi, barazana ce ga duk mai kwana ƙarƙashin wannan kwano, kuma ba ka nemi izinin kowa ba. Ba mu manta daren 16 ga Janairu 2024 ba, da abubuwan fashewa da aka ajiye a wani gida a Bodija suka tashi, aka ji ƙarar a faɗin gari, aka rasa rayuka, gidajen maƙwabta da ba su ji ba ba su gani ba suka rushe. Ba ka da ikon yin tawakkali da ran wani. Yaron da ke rarrafe bai san kalanzir da ke cikin robar lemo ba ruwa ba ne, kai ne amintaccensa. In har hakan ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti.

Dalili na uku kuwa yana zuwa ne daga mutanen kirki. Sukan ce yawan tanadi yana haifar da tsoro da rowa, mutum ya zama kullum cikin wasuwasi, ya tara abinci ya hana maƙwabci. Wannan gargaɗi ne mai kyau, kuma shi ne iyakar maganar. Akwai bambanci tsakanin magidancin da ya ajiye abin da iyalinsa za su ci, wanda Annabi (SAW) da kansa ya taɓa ajiye wa iyalansa na shekara, da ɗan kasuwar da ya ɓoye kaya lokacin tsanani yana jiran farashi ya hau, wanda shari'a ta hana. Mu 'yan kasuwa mun san bambancin sarai, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ga ma'auni mai sauƙi: in shirin da ka yi ya sa ka kwana da natsuwa kuma maƙwabcinka zai amfana da shi ranar wahala, to yana tare da tawakkali. In kuwa ya ƙara maka fargaba, ko cutarwarsa za ta faɗa kan wani, to ka sake dubawa. Mun gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, gidajen da suke da ɗan garin kwaki da wake a ajiye su ne suka miƙa wa na kusa da su.

Haka maganar almubazzaranci. Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafin hannu biyu a haɗe, bai kai lita ɗaya ba, yana wanka da kamar mudu huɗu zuwa biyar. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa mun fi kowa buƙatar wannan darasi. Ruwan ɗauraya ya isa wanke tsakar gida. A kafa baho ko duro a bakin indararo a tari ruwan sama, a rufe shi. Mai zuwa cefane ya riƙe jakarsa ko kwando kamar yadda iyayenmu suke yi, maimakon leda biyar a sayayya ɗaya. Robobi da gwangwani a ware wa 'yan bola jari, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, abincinsu ke nan. A daina ƙona leda a tsakar gida inda yara da tsofaffi ke shaƙa.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Kowane magidanci ya zauna da iyalinsa a wannan makon, ba a bar wa uwargida ita kaɗai ba, a raba aiki: wa zai duba gas da soket kafin barci, ina makullin ƙofar gida yake rataye yadda kowa zai same shi a cikin duhu, ina tocila. Takardun haihuwa da na makaranta da na shago a sa su cikin leda mai kauri a ɗora a sama. A koya wa manyan yara lambar gaggawa 112, da yadda ake kashe wutar gida daga mita in ruwa ya shigo. A san haɗin ruwan gishiri da sukari don amai da gudawa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba mara lafiya ana kan hanyar asibiti. Masu layi ɗaya kuma su sa rana su yashe kwatarsu kafin ruwa ya sauka, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an yi wannan duka, gobara na iya tashi, ruwa na iya shiga. A sannan ne in mutum ya ce "sai abin da Allah ya yi," ya faɗe ta a muhallinta, kuma muna fata ya samu ladan masu haƙuri.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da maƙwabtanmu, Hausawa da Yarbawa da kowa da kowa. Allah ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, amin.