Ko Daidai Ne Mai Lafiya Ya Biya Maganin Marar Lafiya?

'Yan'uwa, akwai wata tambaya da mu kan ji a ƙasar Daura sa'anda aka ambaci inshorar lafiya. Sai mutum ya ce, in ya zuba kuɗinsa shekara uku bai kwanta asibiti ba, ashe ba an ci guminsa ke nan ba? Tambayar ba ta wauta ba ce, ya kamata mu dube ta sosai.

Inshora asusu ne wanda mutane da yawa su ke zuba kaɗan kaɗan a ciki, domin wanda ciwo ya kama a yi masa magani ba sai ya sayar da akuyarsa ko gonarsa ba. Nijeriya ta soma wannan shiri a 2005, amma yawancin waɗanda suka shiga ma'aikatan gwamnati ne. Manomi a Baure ko Zango ba shi da albashin da za a cire masa kome. Har yanzu, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa wajen magani a ƙasarmu, fiye da 70 daga aljihun masu ciwo da danginsu su ke fitowa. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowa shiga. Ta kuma tanadi asusu domin raunana, watau yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Jihar Katsina ma tana da tata hukumar asusun taimakekeniya.

To, ina adalcin? Mai tambayan nan ya ɗauki inshora kamar adashi, inda kowa ya ke kwasar daidai abin da ya zuba. Ba haka ba ne. Sa'anda gobara ta cinye ɗakin maƙwabci, kowa ya kan kawo ciyawa da itace a sake yin jinka. Wanda nasa ɗakin bai ƙone ba, ba ya cewa an cuce shi, gama shi ne ya sami rabo mafi kyau.

Akwai abin da ya fi wannan wuya. Yaro mai amosanin jini, da tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, an sani lalle za su ci daga asusun fiye da abin da suka zuba. Waɗansu sun ce a bar su waje kada kuɗin ya ƙare. A Amurka kamfanoni sun daɗe suna ƙin irin waɗannan mutane, sai da dokar 2010 ta hana. Mu kuwa mun ce yaron nan bai zaɓi jininsa ba, tsohon nan kuma mu ne gobe idan ranmu ya kai. Asusun da ya kori masu ciwo ya zama kamar rijiyar Kusugu a labarin kakanninmu: ga ruwa, amma maciji ya tsare bakinta.

Duk da haka, asusun da masu ciwo kaɗai su ke ciki ba ya daɗewa. Saboda haka wanda ya jira sai ciwo ya kwantar da shi kafin ya shiga, shi ne ya ke cin gumin waɗansu. Masu riƙon asusun kuma su riƙe amana, kada mai kati ya je asibiti a ce masa babu magani.

Bari mu yi namu. Da kaka, sa'anda muka sayar da gero da wake, mu je mu tambayi hanyar yin rajista tun muna da ƙarfi. Dattawan kowace ekklisiya su bincika ko an rubuta gwauraye da marayun unguwarsu. Wanda ba shi da hali kuma, mu haɗa mu biya masa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.