Azumi Ya Ƙarato: Mu Ajiye Taba, Mu Riƙe Juna



Ranar Laraba ta Toka za a shafa mana toka a goshi domin mu tuna daga ƙasa muka fito. Amma akwai wata tokar da waɗansunmu ke karkaɗewa kullum daga karan sigari, a gona da kasuwa da tasha. Manzo Bulus ya koya mana cewa jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korintiyawa 6:19). Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, sashe na 2290, ya lissafa taba cikin abubuwan da kamewa ke tsare mu daga wuce gona da iri a kansu. Paparoma Francis kuma ya hana sayar da sigari a Batikan daga shekarar 2018.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suka shaƙa, wato matanmu da 'ya'yanmu. Dokar Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar wa yaro ƙasa da shekara 18 taba. Kada mu ƙara aiken yara sayenta.

Ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana ɗaure mutum, shi ya sa barinta ke da wuya. To, yaya za mu yi?

Mu sa rana, mu sanar da iyali, mu zubar da sauran karan. Makon farko ya fi tsanani: fushi, rashin barci, ciwon kai. Amma kwaɗayin ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne. In ya taso, mu sha ruwa, mu tauna asuwaki, mu yi Addu'ar Ubangiji. Mu nemi shawarar ma'aikacin lafiya, gama akwai magungunan da ke rage kwaɗayin. Mai shan kara 5 a rana yana ƙona 1,825 a shekara. A tara kuɗin nan domin taki ko kuɗin makaranta. Bayan shekara guda da bari, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Katikis, Zumuntar Maza, Zumuntar Mata da matasa, kowa ya riƙe ɗan'uwa guda, ya ziyarce shi, ya yi addu'a tare da shi. Wanda ya koma sha, kada a yi masa dariya. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Bitrus ma ya faɗi, Ubangiji ya tashe shi.

Allah ya kai mu Ista da sabon numfashi. Amin.