Da Rani Ake Ginin Gada

Ya Ubangiji, na wayi gari zuciyata na lissafin abin da bai zo ba tukuna. Kuɗin makarantar yara. Jikin Inna da ya ƙi daɗi.

Sai tunanina ya tafi ga gadojin da ke kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. A watan Maris, in mutum ya leƙa ƙasa, ba ya ganin komai sai yashi. Awaki na kwance a inuwar ginshiƙai, masu amalanke na lodi. Mai tafiya a ƙasa, in ya ga dama, sai ya ratsa ta cikin rafin, ko tafin ƙafarsa ba zai jiƙe ba. Baƙo zai ce an yi asarar siminti.

Amma ba a haƙa harsashi cikin Agusta, lokacin da ake sheƙa irin ruwan da ke cika madatsar Zobe. Da rani ake yi. A haƙa, a ɗaura rodi, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa kwana da kwanaki har ya yi ƙwari. Magina na shan ƙura da zafin rana saboda ruwan da ko hadarinsa bai haɗu ba.

A Yamai ma, tun 1970 aka buɗe Gadar Kennedy, ta haɗa tsakiyar birni da Harobanda a ƙetaren kogi. Ɗaliban da ke bi ta kanta kowace safiya zuwa jami'a, a lokacin ba a haife su ba. Sun zo sun tarar da ita ne.

Ni ma tararwa na yi.

Abu nawa ka kafa mini tun ban san zan buƙace shi ba? Ga maƙwabcin da muke gaisawa sama-sama shekara da shekaru. Ranar da ciwo ya kayar da ni, shi ya kwana a kaina. Ga addu'o'in da kakata ta koya mini ina yaro, hankalina na wurin wasa. Da dare ya yi mini tsawo, su na samu a bakina.

Ban san ta ina ruwan bana zai biyo ba. Kai ka sani, kuma ka riga ni isa wurin. Wataƙila ma wannan shirun da nake gani kamar ba abin da ke motsi, aiki ake yi a cikinsa.

Ka ba ni natsuwa in fita neman abincin yau, in gaida mutane da sakin fuska.