Ɗan Tsakon da Ba Ya Gani

Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai. Ranar da ta tashi daga kwanci ta fito da 'ya'yanta tsakar gida, wani lokaci akan sami ɗaya da ya tsaya shi kaɗai yana ta tsuwa, 'yan uwansa sun yi gaba. Yakan kai sara inda babu tsaki, ya yi karo da gindin turmi, in aka gifta masa hannu ba ya ko gezau. Yara ne suke fara lura. "Inna, wannan fa ba ya gani." Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Bar shi, ba mai rai ba ne." Sau da yawa Inna tana da gaskiya, domin a gidan da kaji suke kiwon sake, tsakanin shirwa a sama da kwata a ƙasa, makahon ɗan tsako ba ya daɗewa.

Amma kafin a yanke masa hukunci, a duba idon. Wani fatar idon ce kawai ta manne da kwantsa, in aka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi aka goga a hankali sai ta buɗe. Wanda ya ɗan tasa kuma, ƙurajen da sauro yake yaɗa wa kaji da damina suna iya rufe masa ido, su bushe su faɗi daga baya. Warin kashin da ya taru a akurki marar iska yana ƙona ido. Rashin sinadarin bitamin A ma yana sa wani farin abu ya taru a ciki, kuma gero da dawa da farar masara ba su da shi sosai. Jar masara da ɗanyen ganye irin zogale ne suke da shi. Wanda aka ƙyanƙyashe idon bai ƙeru daidai ba, shi kam sai dai a koya masa zama da abin.

Abin da yake fara kashe irin wannan ɗan tsako sanyi ne, yunwa tana zuwa daga baya. Dab da ƙyanƙyasa yakan janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce take riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba. Shi ya sa 'yan tsakin gidan gona suke jure doguwar tafiya a kwali daga Ibadan zuwa Kano ko Sakkwato. Ɗumin jiki kuwa ba ya iya riƙe wa kansa sai ya yi kusan mako biyu. A makon farko yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako. Mai ido in ya ji sanyi zai ruga ƙarƙashin fiffiken uwa, in zafi ya yi yawa ya fito. Makaho bai san inda zai nufa ba. Don haka kwalin da za a sa shi ya zama ƙarami, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye a kusurwa ɗaya, a bar ɗaya kusurwar babu komai. Kaskon garwashi da fitilar ƙwai suna da haɗari ga wanda ba ya ganin wuta.

Wurin ba da ruwa ne tausayi ya fi yin ɓarna. Mutum ya ga abu yana galabaita, sai ya buɗe masa baki ya ɗura da cokali ko sirinji. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, ruwan sai ya bi ta can ya sauka a huhu, a wayi gari ya mutu a ce ciwo ne. Kaza da bakinta take ɗiban ruwa, ta ɗaga kai ya gangara. Abin da ake yi shi ne a tsoma kan bakin kawai a murfin kwalba mai ruwa, a sake shi ya haɗiye da kansa. Abinci ma haka: a jiƙa shi ya yi laushi, a haɗa da dafaffiyar gwaiduwa, a taɓa masa a baki.

Sai kuma kunne, wanda shi ne jarin da ya rage masa. Tun yana cikin ƙwai, kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito, yake tsuwa uwar tana amsawa. Masanin halittu Jakob von Uexküll ya kawo wani gwaji a littafinsa na 1934: an ɗaure ɗan tsako a bayan shamaki, uwar ba ta ganinsa amma tana jin kukansa, ta taso da faɗa; da aka kifa masa gilashi, tana kallonsa yana fafutuka amma ba ta ji, sai ta ci gaba da kiwonta. Ashe tsakanin kaza da ɗanta murya ce igiyar. Uwa in ta sami abinci takan yi wani gajeren kira tana sara ƙasa. Mai jinyar ɗan tsako yana iya kwaikwayon wannan da farce, ya riƙa ƙwanƙwasa gefen faranti duk lokacin ci. In an dage, sai ya fara bin ƙarar.

Duk wannan wahala tana tafiya a banza ranar da wani mai son tsabta ya wanke kwalin ya mayar da farantin hagu, murfin ruwa dama. Ɗan tsakon ya riga ya haddace wurin da ƙafarsa da bakinsa, taku kaza zuwa ruwa, juyi kaza zuwa ɗumi. In an sauya, zai tsaya a tsohon gurbin yana saran kwali, abinci na nan kusa da shi. A ganina wannan ne abin da ya fi wuya a jinyar, domin ba ya kama da aiki. Ɗurawa da ɗauka da shafawa su ne suke sa mutum ya ji ya yi wani abu. Barin abu a inda yake kuwa ba wanda zai yaba maka a kai.

Irin haka ake yi wa tsofaffinmu da yana ta rufe wa ido. Jikoki su zo hutu, su shiga ɗakin Kaka da tsintsiya da kyakkyawar niyya, su ɗauke buta daga bakin ƙofa, su rataye carbi a ƙusa, su tura gado jikin taga don ta sha iska. Su tafi suna murna, ita kuma ta kwana tana lalube a ɗakin da ta shekara talatin a ciki. In ta yi magana a ce tsufa ya sa ta mita. Da sun tambaye ta, "Kaka, ina kike son a ajiye wannan?" da ta gaya musu.

Ba kowane ɗan tsako ne yake tashi ba, ko an yi komai daidai. Wanda wuyansa yake murɗewa, yana zawo, yana numfashi da ƙyar, matsalarsa ta wuce ido, kuma a raba shi da sauran nan take a nemi malamin dabbobi, musamman da hunturu, lokacin da annobar kaji take share akurki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta, har da wanda ake ɗigawa a ido.

Wanda ya tashi kuwa, kada a sake shi cikin garke, domin kaji suna saran mai rauni ba sassauci. A haɗa shi da ɗaya mai sanyin hali, zai riƙa bin motsinsa zuwa faranti. In mace ce, a wata shida ko bakwai tana iya fara ƙwai kamar kowace kaza, saboda hasken rana yana ratsa ƙoƙon kan tsuntsu ya kai ga ƙwaƙwalwa ba sai ta ido ba. Sai a tanadar mata kwando da ciyawa a kusurwa guda.