Kuɗin Asiransi da Jinin da Suɗaɗɗiyar Ƙafar Mota ta Zubar

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk mai shiga mota daga Kalfu zuwa Tawa, ko daga Tawa zuwa Ƙonni ko Agadas, ya san irin ƙafafun da ake ɗora rayukan bayin Allah a kansu. An gama cin moriyarsu a Turai, aka kawo mana, zanensu ya shafe har waya ta leƙo. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kwalta ta yi zafi, lodi ya wuce kima, sai ƙafa ta fashe. Sai a ce ƙaddara ce, kuma ai mota tana da takardar asiransi.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba ta kankare laifin mai sakaci. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sun ɗora lamunin ɓarnar dabba a kan mahayinta da mai janta da mai kora ta. In haka ne ga raƙumi mai rai da son ransa, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an motsa shi? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin haɗari sai fa in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba ya iya kauce masa. Ƙafar da aka gani ta suɗe, mai faci ya yi gargaɗi, aka ce a lallaɓa ta kai kasuwa mai zuwa, ba ta cikin abin da ya fi ƙarfin mutum. Masu ƙera ta sun sa alama a cikin zanenta. In zurfinsa ya sauka zuwa milimita 1.6, aikinta ya ƙare.

To, mene ne hukuncin kuɗin da kamfani ke biya? Waccan majalisa, a Jidda a 1985, ta haramta asiransin kasuwanci saboda gararin da ke cikinsa, ta halatta na taimakon juna. Shaihu Mustafa Zarƙa kuwa ya tafi a kan halaccinsa. Sai dai mu a Nijar hukuma ce ta tilasta shi. Dokar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa kowane mai mota asiransin ɓarnar da zai yi wa wasu. Wanda aka tilasta babu zunubi a kansa. Wanda aka ji wa rauni kuwa, ko magadan mamaci, ba su ƙulla ciniki da kowa ba. Haƙƙinsu ne ya zo musu ta hannun wanda ya ɗauki nauyin biya, kuma karɓarsa halal ce a fahimtarmu.

A nan muke son a tsaya. Sau da yawa manya kan taru ranar sadakar uku su ce: mun yafe, ba mu cin kuɗin jini. Niyyar kyakkyawa ce, amma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baligi mai hankali yana da ikon yafe rabonsa. Rabon maraya fa? Baffa ko kawu ba shi da ikon yin kyauta da shi, balle a rufe bakin matar mamaci da kunya tana cikin takaba. Wanda ya yafe yau, gobe ba shi zai sayi hatsin gidan ba idan damina ta gaza. Don haka a bar jandarmomi su rubuta takardar haɗari, a adana takardun asibiti, a bi haƙƙin yara har ya fito.

Mai mota da direba kuma su sani, takardar asiransi ba ta azumi. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: diyya ga dangi, da kaffara ga Allah. Kamfani yana iya ɗauke na farko, ko wani sashe nasa. Na biyu, azumin wata biyu a jere saboda kowane ran da ya salwanta, yana wuyan wanda ya jawo mutuwar. Direban da ya ce mai gida ne ya hana kuɗin sabuwar ƙafa bai kuɓuta ba, gama shi ya tada motar. Mai gidan ma yana da nasa kason na zunubi. Kuma direba ya tuna, asiransin dole ba ya biyan raunin jikinsa shi kansa, ba ya gyara motar da ya kifar.

Saura masu canza ƙafa bayan haɗari kafin ma'aikacin kamfani ya zo dubawa, ko su ce jaki ne ya gitta. Abin da aka samu da wannan ƙarya haram ne, ko da kamfanin ba na Musulmi ba ne, kuma wanda ya ba da shaida a kai ya yi shaidar zur. Wanda ya riga ya karɓa ta wannan hanya, sai ya mayar wa masu shi.

Allah Shi ne Mafi sani.