Kifi ma rai gare shi

In saniyarka ta kwanta, daga Tibiri har Maraɗi kana zuwa neman likitan dabbobi. To, in karfasar da kake kiwo a Jiratawa ta yi ciwo fa? Sai ka ce: "Ai kifi ne."

A Japan da Turai, wasu suna kai kifin ado, mai suna koi, wurin likita. Mu nan likitan kifi wuyar samu gare shi. Amma kai ka tsare kifin nan cikin kududdufi, kuma ba ya iya kuka.

In ka gan shi da asuba yana buɗe baki a saman ruwa, iska ce ta yi masa kaɗan. Sake ruwa, rage abinci, tambayi ma'aikatan gandun daji.

Abin da ka tsare, haƙƙinsa yana wuyanka.